Me Kike Gani a Nan?

Jiya a Tudun Fulani na ji wani malami ta tagar aji yana ce wa yaro daƙiƙi don ya kasa karatu. Raina ya ɓaci, sai marigayiya Gwaggo ta faɗo mini a rai, yayar babanmu, tsohuwar malamar firamare.

Ni ma daƙiƙiya ake kirana har aji huɗu. Kullum bulala, babu wanda ya taɓa duba inda na maƙale. Da Baba ya ce zai cire ni daga makaranta, Gwaggo ta zaunar da ni a tabarmarta, hannunta na ƙamshin man kaɗanya. Ta buɗe littafina, na zuba karatu tiryan-tiryan. Sai ta rufe hoton da ke shafin da tafinta, ta nuna kalma guda. Na kasa karanta ta. Ashe hadda kawai nake yi.

Ta rubuta b da d a bango da gawayi. "Me kike gani a nan?"

"Duk ɗaya ne, Gwaggo."

Ta tambaye ni sautinsu. Ban ma san harafi yana da sauti ba.

Ta miƙe ta ce wa Baba, "Ba a koya wa yarinyar nan ba, dukanta kawai aka yi! Ka cire ta ka gani."

Daga ranar ta fara koya mini sautin haruffa. Kafin damina ta wuce ina karanta allunan shagunan Bosso da kaina. Har yau ina jin haushin shekarun da aka cinye mini a banza.

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo, Ya saka miki da Aljanna.