Kwanon Malam Habibu

Ina cikin aji ƙanensa ya kira ni a waya. "Malam Nasiru, Yaya Habibu ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli na kama hanyar Koki a ƙasa, ban ma tuna da babur ɗina ba.

Firamare ɗaya muke koyarwa da Malam Habibu, kuma katanga ce ta raba gidajenmu. Tun yana saurayi yake fama da ciwon hanji, gudawa da jini, ta lafa ta dawo. Kowa ya ce basir ne. Idan cikin ya motsa ana tsakiyar darasi, sai ya ba yara aiki ya fita a natse, ya dawo da sabuwar alwala. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, kusa da ƙofa, don kada ya keta mutane. Yakan ce, "Lalurata tawa ce, bai kamata ta taka ƙafar kowa ba."

Daga baya idanunsa suka yi ɗorawa, ƙaiƙayi ya hana shi sakat, ya rame. Ina zaune likita ta yi masa bayani: hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi a cikin hanta ne suke kumbura suna tsukewa, kuma wannan cuta ta saba tafiya tare da irin gyambon babban hanjin da ya daɗe da shi. Ba a ɗaukar ta a kwano, ba a ɗaukar ta a shimfiɗa. Ba gwajin da ba a yi masa ba.

Amma majalisar ƙofar gidanmu ta fi likita sani. Gudawa da rama, wai ai an san sunan wannan, ƙanjamau ne. A gabansa kuwa sai "Sannu, Malam, ya jiki?" Muna ciyayya bayan magariba, kowa ya fito da tuwon gidansa a haɗu a ci. Sai aka fara tsallake kwanonsa. Da idona na ga wani dattijo, mai furfura a gemu, ya ture shi gefe da ƙafa. Abinci fa, da ƙafa! Na yi magana, aka ce na cika zafi. Tir. Ko da abin da suke zargin ne, haka ake yi wa maƙwabci?

Malam Habibu kuwa sai ya ɗauki kwanon mu shiga soro, ya ce, "Taimaka mini, kada Hajara ta ga ya dawo a cike." Matarsa ke nan. Mu zauna mu biyu muna tura tuwo, shi da hanjin da ko kunu yana wahalar da shi. Na san abin da kowace loma za ta jawo masa, shi ma ya sani.

Ranar jana'iza, waɗannan mutanen ne a sahun gaba, suna ta "mutumin kirki ne, ba ruwansa." Da na shiga yi wa Hajara gaisuwa, daga bayan labule ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Ina jin ku a soro. Shiru na yi don kada ya san na sani."

Yanzu maganar ta koma kanta. Matan unguwa sun daina kawo mata kitso, da shi kuwa take riƙe da yara. Abin da ya roƙe ni ke nan a asibiti: "Ni na gama. Ka gaya musu saboda Hajara."

To, mutanen unguwa, na gaya muku. Ciwon hanji ne da na hanta, lafiyar matarsa ƙalau, kuma akwai ranar da za a tambayi kowa abin da bakinsa ya faɗa.

Allah ya jiƙan Malam Habibu, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya haskaka kabarinsa. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba Hajara haƙuri, ya tsare ta da marayunta daga bakin maƙwabta. Amin.