Safihar da Aka Wanke Sau Bakwai

A ƙauyenmu na Jazira, can ƙasar Sudan, lokacin ina 'yar shekara tara, matar da ta mallaki safiha ko tafiyarta daban take. Safiha gwangwanin ƙarfe ce babba mai kusurwa huɗu, in ta faɗi sai dai ta lotsa. Mu 'yan mata masu ɗebo ruwa daga tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonakin auduga, mu muka san darajarta, don tulu nawa muka fasa muka sha dukan banza.

Wata ranar Talata Haboba, kakata ta wajen uba, ta dawo daga gona da wata sabuwa fil a ka. A bayan rumfar da ake haɗa maganin feshin auduga ta tsince ta. Ga sheƙi, ga murfi, sai dai wani wari mai hawa kai. Ta dire ta a tsakar gida ta ce daga yau ruwan shan ƙanwata, wadda aka yaye watan jiya, a ciki za a riƙa ajiye shi, ƙuda ba zai faɗa ba.

Inna, mahaifiyata, ta sunsuna ta ja da baya. "Hajja, wagga fa ta guba ce. Malamin gona ya ce binne su ake yi."

Haboba ta ce, "Malamin gona ya fi malaman addini sani ne? Ko kare ya sa baki a ƙwarya, wanki bakwai ake yi, guda da ƙasa, ta tsarkaka. Balle ɗan maganin tsutsa."

A gidanmu ba a yi wa Haboba musu sau biyu, kuma Baba ya tafi birnin Madani. Ni kuwa, wa za a ɗora wa wankin in ba ni ba? Ina dirza, tsohuwar tana ƙirgawa da yatsu, har ta ce na tsallake guda, na sake. Warin ya ragu, ba zan yi mata ƙarya ba. Na cika safihar, ruwan ya kwana a ciki.

Washegari Inna tana daka ta kira ni. "Je ki ba kajin Hajja ruwa." Ta nuna safihar da baki. Na yi jinkiri, don kajin nan biyar Haboba ta fi hira da su a kan mu jikokinta, ta taɓa yi wa wani ƙato tas a kan ƙwai ɗaya. Amma na zuba musu.

Kafin azahar sun fara tangaɗi. Kafin la'asar uku sun miƙe ƙafa. Na laɓe bayan rumbu ina jiran bala'i.

Haboba ta zo ta tsaya a kansu. Ta ce, "Wane ruwa suka sha?"

Inna ta ce, "Na safiha, Hajja. Ni na sa ta."

Haboba ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa daɓas, ita da ba ta zama sai a kan tabarma. Ta dubi Inna ta ce, "Da hantsi, kina wurin daka, na ɗebo ma yarinyar a moɗa. Na iske ta yi barci, na ce bari ta tashi."

Inna ta shiga ɗaki da gudu. Ta fito da moɗar, cike take, ba a taɓa ba. Tsoro irin na ranar ban sake jin sa ba.

Haboba ta miƙa hannu biyu, aka ba ta ƙanwata. Ta rungume ta tana kuka, yarinyar na ta mutsu-mutsu tana son sauka ta yi wasa. Har aka kira magariba ba ta sake ta ba.