Takalmin da Na Shiga da Shi Ɗakin Kaka

A Itapagipe na tashi, wata unguwa ta birnin Bahia can ƙetaren teku, a wani ƙaramin gida mai fuskantar ruwa, a hannun kakata ta wajen uwa, Kaka Delu. Daga ƙasar Hausa aka kawo ta tana yarinya, ta yi bauta har ta fanshi kanta, sa'annan ta zauna tana suyar ƙosai da manja a bakin hanya. Ni kuwa ɗa aka haife ni, ban taɓa zama mallakar kowa ba. A makaranta Domingos ake kirana, a gida Ɗanladi, ita kuma ba ta kirana da ko ɗaya, sai dai "maigidana", irin wasan kaka da jika.

Dokokinta biyu ne, kuma duk a kan takalmi suke. Ta farko, kada mu kuskura mu taka titi ba takalmi, domin a Bahia ta wancan zamani ƙafa ake fara dubawa, wanda aka gani ba takalmi bawa ne. Ta biyu, kada mu kuskura mu tsaya gaban babba da takalmi. A bakin ƙofa ake tuɓe shi, a durƙusa, a gaisa, kamar yadda ta ce ana yi a garinsu. Mun bi dokokin nan biyu shekara da shekaru ba tare da ɗaya ta ci karo da ɗaya ba.

Idan an yi magariba ta dawo da kaskonta, ba ta kashe wutar murhu. Sai ta tura sauran garwashin tsakiya, ni da ƙanwata Asabe mu zauna kan tabarma muna cin guntayen ƙosan da bai sayu ba. A hankali take magana, domin tun bayan boren da bayi Musulmi suka yi kafin a haife mu, maƙwabta ba sa son jin harshenmu da ƙarfi. Takan ce, "Ga ta nan, ta ƙetaro ruwa." Mu kuma mu amsa, "Ta sauka lafiya, mu ji ta."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta ɗan zabo. Wai an yi wani ɗan zabo mai kaifin hankali, kakarsa ta nema masa koyon aiki a gidan shahuna, inda ake rabon abin da aka farauto. Ta sa maƙeri ya ƙera masa faratan ƙarfe, domin shahuna ba sa duban fuska, ƙafa suke dubawa. Ya yi ta aiki ana yaba shi. Ran nan ya iske wata tsohuwar kaza a ɗaure a bayan gida, sai ya cire faratansa ya durƙusa ya gaishe ta, don a gidansu ba a gaida babba da farata. Shahuna suka hango ƙafa ba farata, suka taso masa. Tsohuwar kaza ta turo masa faratan da baki, ya mayar, shahuna suka koma, shi kuma ya ci gaba da aikinsa.

"Shi ke nan?" in ji Asabe.

"Shi ke nan."

"Kazar fa, Kaka?"

"An yi rabonta. Shi ma ya riƙe musu ƙafa ɗaya."

Ni kuma nakan ce, "Wannan ai ba tatsuniya ba ce. Bai rama ba, bai gudu ba?"

"To, maigidana, me kake so ya yi, ya tashi sama? Zabo ne fa. Kai da ko cefane ba ka ba ni, har ka iya gyara mini zance?" Sai ta rufe garwashi da toka, ta ce, "Ta ƙare a kan wutsiyar kifi, ku tashi ku kwanta."

A ganinmu ita ce mafi rashin daɗi cikin tatsuniyoyinta.

Da na kusa kammala makaranta, malamina ya samo mini gurbin koyon aiki na hutun ƙarshen shekara, lokacin da zafi ya fi tsanani, a wani ofishin lauyoyi kusa da Praça Municipal, dandalin tsakiyar birni. Babban lauyan, wanda kowa ke ce wa Dotor, ya gaya mini a fili cewa idan na kai ƙarshen hutun ba tare da na ba shi kunya ba, zai ba ni kujerar magatakarda. A iya sanina ba a taɓa ba wani ɗan unguwarmu irin wannan kujera ba. Kaka ta saya mini baƙin takalmi mai igiya, ta shafe shi da kanta.

Aikin ofishin mafi yawansa rabon gado ne. Idan mai dukiya ya mutu, sai a tafi gidansa da mai ƙiyasi daga kotu, a sa wa kowane abu kima: gadaje, madubai, dawakai da bayi. Ni nake kwafe takardu, in feƙe alƙalami, in ɗauki jakar Dotor. Na koyi tsayuwa ba jingina, da yin shiru idan magada suna zagin juna. Hannuna yana da kyau, Dotor ya faɗa ba sau ɗaya ba.

Wata rana da hantsi muka tafi wani babban gida a Vitória, unguwar masu kuɗi. Dotor ya tsaya a falo da matar mamacin, ya ce in je ɗakin baya in tara bayin gidan kafin mai ƙiyasi ya iso. A can na ga wani tsoho zaune kan buhu, da tsagar da na sani a fuskar Kaka. Ban yi shawara da kaina ba. Na kwance igiya, na bar takalmin a bakin ƙofa, na shiga na durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

Ya dube ni ya ce, "Lafiya lau. Ɗan wane ne kai?"

"Jikan Delu mai ƙosai, ta Itapagipe."

"Allah Ya raya ka. Rabona da a durƙusa mini, tun ina da haƙora."

Muna cikin haka mai ƙiyasi ya shigo. Bai taɓa ganina ba. Ya ga baƙin saurayi a durƙushe cikin bayi, ba takalmi, sai ya kama haɓata ya ɗaga, ya sa babban yatsa ya buɗe mini baki yana duba haƙora. Ya matsa dantsena, ya ce da harshen Fotugis ba a gaya masa akwai saurayi mai ƙarfi haka cikin kayan ba, wannan shi kaɗai ya fi sauran duka. Na san kalmomin da zan faɗa masa, na fi shi iya harshen ma, amma ba su zo ba. Ban ji tsoro ba, ban ji fushi ba. Ɗanɗanon taba da ke yatsansa kawai na ji, ina kallon wani ƙadangare a bango.

Tsohon nan ne ya miƙe da kyar, ya dafa bango har bakin ƙofa, ya ɗauko takalmina da hannu biyu, ya ajiye a gabana. Dattijo ya ɗauko wa yaro takalmi. Ya ce, "Na amsa gaisuwarka, ɗana. Sa abinka."

Mai ƙiyasi ya dubi takalmin, ya sake ni, ya goge yatsansa a wando. Da Dotor ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, sa'annan ya daina, ya ce, "Domingos, ran da ka sake cire su a bakin aiki, kada ka dawo." Na ce na ji. Daga nan aka sa ni tafinta, domin tsohon ya ce Fotugis ɗinsa ya gudu. Ina tsaye a kansa da takalmi na tambaye shi shekarunsa da ciwon da ke damunsa, na juya musu, na rubuta kimar da aka sa masa da kyakkyawan hannuna.

Da yamma na iso gida na tarar Kaka ta tura garwashi tsakiya. Na tsaya a bakin ƙofa, na sunkuya zan kwance igiya, sai hannuna ya ƙi. Na daɗe a sunkuye. Asabe ta fara dariya, Kaka ta galla mata harara. Ta dube ni daga ƙafa zuwa fuska.

"Shigo da su, Ɗanladi," in ji ta.

Ran nan ne kaɗai ta kira ni da sunana. Na taka tabarmarta da takalmi, na zauna, ta miƙo mini ƙosai na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Na sami kujerar. Na riƙe ta da mutunci har aka soke bauta, har gashina ya yi fari, kuma ba a taɓa mayar mini da takarda don kuskure ba. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa. Sai dai da na tsufa na gane abin da ya sa tatsuniyar ɗan zabo ba ta da daɗi. Kaka ta san irin gidan da zan shiga, ta kuma san ba za a rama ba, ba za a gudu ba, don haka ta ƙi yi mana ƙaryar da ake yi wa yara. Abu ɗaya kawai ta bari ba ta faɗa ba, wato ko ɗan zabo ya iya cire faratansa idan ya koma gida.

Yanzu Kaka ta rasu, Asabe ta bi ta, kuma babu sauran wanda zan durƙusa wa da Hausa a birnin nan. Duk da haka kowace magariba nakan tsaya a bakin ƙofar ɗakina in kwance igiya. Hannun yakan yarda yanzu, sai dai ba kowa a ciki.