Duwatsu Uku a Mararraba

Duk wanda ya taɓa aski a bayan tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Limasol ya san Hambis. Gajere ne mai tumbi, ga surutun tsiya, in ka zauna a kujerarsa sai ya aske maka kai ya kuma cika maka kunne. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan sana'a, ba abin da ke sa shi rufe shago sai rasuwa da kwana taran da ke bin bikin Ista. A waɗannan kwanakin ne shi da matarsa Tekla suke goya jakunkuna su haye duwatsun Turodos a ƙafa.

Abokansa na gidan kofi ba su taɓa raga masa ba. "Kai Hambis, ga mota a ƙofar gida, ka zaɓi aikin jaki?"

Sai ya shafa tumbi ya ce, "Ku je ku tambayi mai jakin."

Gaskiyarsa kuwa. Tekla 'yar makiyayin awaki ce daga wani ƙauye na yankin Maratasa, can saman duwatsun, kuma ba a koya mata tafiya a hankali ba. Ita ke ɗaukar burodi da cuku da zaitun, shi tanti da ruwa, amma kafin ya gama ɗaure takalmi ta ɓace cikin itatuwa. Jira ba ya cikin halinta. Abin da take yi shi ne abin da makiyayan garinsu ke yi wa na baya: duk inda hanya ta rabu biyu, sai ta ɗora duwatsu uku, ɗaya bisa ɗaya, a bakin wadda ta bi. In Hambis ya iso yana haki, sai ya sa ƙafa ya rushe su, don in ta dawo nemansa ta san ya wuce. Haka suka tattake tsibirin da Limasol take a cikinsa kaf, ita tana ginawa, shi yana rushewa. In ya cim mata a bakin wata maɓuɓɓuga, zai tarar ta riga ta yanka cuku, ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, kunkuru. Na ɗauka sai baɗi."

Shekara uku da suka wuce ta fara zuba gishiri a kofi. Aka yi dariya. Daga nan ta bar tukunya a kan wuta ta fita, daga nan ta tambayi 'yarsu Andri ko ita 'yar gidan wa ce, dariya ta ƙare. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya komawa baya. Hambis ne na ƙarshen da ta manta. Ba ta tsoronsa, tana ma gaishe shi da ladabi kowace safiya, tana ce masa bawan Allah, kuma ladabin nan ne ya fi ci masa rai. Matar da ta yi shekara arba'in tana yi masa tsiya!

Andri ta samo mata wuri a gidan kula da tsofaffi, za a kai ta ran Litinin. Hambis ya yi tsalle ya dire.

"Baba, sau biyu 'yan sanda suna tsinto ta a bakin babban titi," in ji Andri. "Kai ma ga hawan jini. So kake in rasa ku gaba ɗaya?"

"Ki ba ni Asabar kawai, in kai ta dutse. Zaman ɗakin nan ne ya rikita ta. In ta gane ni, ko na minti ɗaya ne, ba inda za ta."

Andri ta ce to.

Ran Asabar da safe ta sauke su a gindin hanya, ta ce za ta jira a mota. Hambis ya goya wa Tekla tsohuwar jakarta, ba komai ciki sai burodi. Jakar na zama a bayanta ta gyara maɗauri da kanta, ta tsuke na ƙugu, ta yi gaba. Ƙafafun nan ba su manta komai ba. Ya bi ta yana haki, murna ta cika shi fal, har da zuba: "Kin tuna nan ne zuma ta kore ni har na yar da tanti?"

"Ayya, sannu bawan Allah," ta ce, ko waige babu.

Wajen hantsi suka kai inda hanya ta rabu a ƙarƙashin wani ƙaton itace. Tekla ta dubi hagu ta dubi dama, ta tsuguna, ta zaɓo duwatsu uku, babba da matsakaici da ƙarami, ta ɗora su. Daɗi ya kama Hambis. Ya tako a hankali kamar mai isowa daga nesa, har da ƙarin haki, ya sa ƙafa ya rushe su, ya tsaya yana jiran a ce masa kunkuru.

Ta miƙe ta ture shi da hannu biyu.

"Kai wane irin mugu ne? Me na yi maka? Mijina yana baya! Bai san hanya ba, ga ƙiba, ga kayan ruwa. In ya ɓace a dajin nan kai za ka nemo min shi?"

"Tekla, ai ni ne. Dube ni da kyau."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ka ji tsoron Allah, tsoho. Mijina gashinsa baƙi ƙirin."

Ta durƙusa tana tattara duwatsun. Ƙaramin ya riga ya gangara rafi, ta laluba ta rasa, sai ta fashe da kuka. Hambis ya durƙusa da ƙyar, ya tono wani daidai shi, ya goge masa ƙasa a jikin wandonsa, ya miƙa mata. Ta yi godiya, ta ɗora, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a duk tafiye-tafiyensu: ta sauke jaka ta zauna.

"Yau kam sai na jira shi," ta ce. "Kullum ina barinsa a baya, bawan Allah, kuma ko sau ɗaya bai yi fushi ba."

Suka zauna suna kallon hanyar da suka fito har rana ta karkata. Baƙin ciki irin na ranar nan Hambis bai taɓa ɗanɗana ba. Da sanyi ya fara sauka ya ɗauki jakunkunan biyu ya ce, "Baiwar Allah, taso mu gangara. In ya zo zai ga alamar."

Andri ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta ta da mota. Ran Litinin shi da kansa ya ninke wa Tekla kaya.

Yanzu ƙarfe huɗu yake rufe shago ya tafi gidan tsofaffin. Kullum a bakin taga yake samunta, kullum kuma tambayar ɗaya ce: "Bawan Allah, ba ka ga mijina a hanya ba?"

"Na gan shi," yakan ce, ya jawo kujera. "Yana tafe."