Rigar da Ta Ƙi Fitowa a Hoto

Mahaifina ya yi rayuwarsa yana ɗinkin manyan riguna a Asata, cikin Inugu, amma babu ko ɗaya daga cikin aikinsa a gidanmu. Da zarar ya gama riga mai ita zai zo ya ɗauka, ta tafi Anaca ko Fatakwal, ko ta bi jirgin ƙasa ta yi Arewa. Wadda yake sawa a jikinsa kuwa ba ta da ko ɗigon aiki. Bai taɓa kallon wannan a matsayin rashi ba, sai shekarar da yanar ido ta fara rufe masa gani.

Ana ta shirye-shiryen samun mulkin kai a lokacin, ni kuma ban daɗe da fara koyarwa a wata firamare ba. Kamar yawancin sababbin malamai, na ɗauka ilimi ba ya cika sai an rataya wani abu a wuya, don haka na sayi kyamara, 'yar baƙar akwati mai ido ɗaya. Na ɗauki hoton ƙannena, na ɗauki na akuyar maƙwabta, na ɗauki jirgin da ke jigilar kwal. Baba bai taɓa yarda ya tsaya a gabanta ba. Yana da ra'ayinsa game da surar mai rai, kuma ba ya neman shawarar kowa a kai.

Rigar da yake yi a waccan daminar ta wani Alhaji ce, mai fataucin albasa a Borokiri, can Fatakwal. Farar shadda ce, aikin kuma na farin siliki, aska takwas, wato irin zanen nan mai dogayen tsinaye da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu. Fari a kan fari shi ne abin da manya ke so, don ba ya ihu. Sai wanda ya matso ya gaishe ka zai san abin da ka sa. Baba ya yi rabin aikin da ido, sauran ya ƙarasa da yatsa. Ni nake zura masa zare kafin in tafi makaranta, in jera masa allurai a jikin matashi.

Ranar da ya yanke zaren ƙarshe ya kira ni zaure.

"Malamin makaranta," ya ce. Haka yake kirana idan zai nemi wani abu, ko zai yi mini ba'a, ba kullum nake gane wanne ba ne. "Wannan akwatin taka, tana ɗaukar abin da ba shi da rai?"

"Tana ɗauka, Baba."

"To riga ba ta da rai. Ka ɗaukar mini ita kafin Alhaji ya zo. Ba na jin zan ƙara wata."

Ya faɗi haka kamar mai cewa hadari ya haɗo. Inna, mahaifiyata, tana bakin ƙofar cikin gida da tire a hannu, ta juya ta koma ciki.

Abu na farko da muka yi shi ne kai rigar wurin mabugi. A wurinmu riga ba ta zama riga sai an yayyafa mata ruwa an shimfiɗa ta a kan gungume an buge ta da sanduna har ta ɗauki sheƙi. Rigar da ba a buge ba, a ganin Baba, kamar mutum ne ya fito taro bai wanke fuska ba. Ta dawo tana walƙiya. Na jira ranar da gajimare ya janye, rana ta take tsaka, na rataye ta a jikin katanga, na juya wa ranar baya kamar yadda takardar cikin kwalin kyamarar ta yi umarni, na danna.

Wani Inyamuri ne yake wanke mini hotuna, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Ogbete. Ya miƙo mini takardar yana kallona ta saman tabarau, ya tambaye ni cikin buroka, Turancin kasuwa, ko zanin gado nake talla. Gaskiyarsa. Abin da ke jikin takardar wani farin fili ne mai hannuwa biyu, babu aska ko ɗaya, balle takwas.

Na kawo gida. Baba ya kai takardar dab da hancinsa, ya daɗe, ya ce, "Idona ne, ko akwatin?"

"Akwatin ce, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ashe muna da yawa."

Maƙwabcinmu, wani mahauci mai faɗin ƙirji da yawan shawara, ya ce kuskuren shi ne ba a sa mutum a ciki ba, riga ai sai da jiki. Ya kuma sadaukar da nasa jikin. Ya yi wanka, ya shafa turare duk da na gaya masa ba ya fitowa a hoto, ya tsaya cikin rana ya buɗe hannuwa. Hoton ya fito da kyau ƙwarai: ga gashin bakinsa ɗaya bayan ɗaya, ga tsagar kumatunsa, ga haƙorin makka. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa sai ka ce cikin gajimare yake tsaye. Ya roƙi hoton, aka ba shi, ya manna a rumfarsa.

Ana cikin haka saƙo ya zo ta bakin wani direba cewa Alhaji zai biyo jirgi a ƙarshen mako, zai sauka ya karɓi rigarsa ya wuce Kano. Baba bai ƙara tayar da maganar hoto ba. Wannan shirun ya fi damuna. Ina ganinsa bayan la'asar ya ɗauko rigar daga cikin adaka, ya ɗora a cinya, yana bin aikin da ɗan yatsa daga aljihu zuwa kafaɗa, leɓunansa suna motsi.

A aji na sami bakin zaren. Allon ajinmu tsohon katako ne da aka shafe da baƙin fenti. Kullum da sassafe, idan rana ta shigo ta tagar gabas ta shafo shi daga gefe, sai in ga duk wata tsaga da ƙusa da tabon da ke jikinsa, har rubutun jiya da aka goge. Kafin tashi kuwa, hasken ya cika ɗakin, allon ya koma sumul. Na daɗe ina ganin haka ina jin haushin allon. Ran nan ina tsaka da jera wa yara lissafi sai na tsaya da alli a hannu. Fari a kan fari ba shi da wani abin da zai nuna shi sai inuwarsa. Mu kuwa mun zaɓi lokacin da babu inuwa, muka kuma sa mabugi ya kwantar da zaren ya mayar da shaddar madubi.

Samun hasken gefe ba wuya. Wuyar ita ce gaya wa Baba cewa sai an kashe bugun.

"A yi me?"

"A ɗan yayyafa mata ruwa, Baba, sheƙin ya kwanta, zaren ya taso. In na ɗauka sai a mayar wa mabugi."

"Kana nufin abin da zai rage a bayana shi ne hoton rigar da ba a buge ba?"

"Ko wannan, ko hoton farin fili."

"Wanda ya gani ya ce tsohon nan bai san a kai riga bugu ba."

Inna ce ta sa baki daga tsakar gida. "Malam, wa zai gani in ba mu ba? Mu kuwa mun san ka."

Can ya ce, "A rufe ƙofar waje. Kada mahaucin nan ya leƙo."

Washegari bayan an dawo daga sallar asuba Inna ta tsoma yatsu a ƙwarya ta yayyafa wa rigar ruwa, ta goga aikin a hankali da tsumma mai laushi. Baba ya zauna ya juya mana baya. Muka shimfiɗa ta a kan ƙyauren da muka jingina a bango, a daidai inda rana ke fara leƙowa ta tsakanin gidanmu da na maƙwabta. Na kife turmi na ɗora kyamarar a kai don kada hannuna ya yi rawa, na matso har inda akwatin za ta iya gani. Da hasken ya iso ya shafo shaddar daga hagu, sai ga aikin ya miƙe. Kowane ɗinki da 'yar inuwarsa a gefe, tsinayen askar nan suna saukowa kamar kunyoyin gona. Na girma ina ganin aikin mahaifina, amma ban taɓa ganinsa haka ba. Inna ta ce, "Ikon Allah," a hankali. Na ƙarar da duk abin da ya rage na fim ɗin.

Kafin azahar rigar ta koma wurin mabugi. Alhaji ya iso a ranar da ya ce, ya sha ruwa, ya ɗaga rigar ya yi ta sa albarka, ya naɗe ta cikin takarda ya tafi tasha. Baba ya raka shi har bakin titi, hannunsa a kafaɗata.

Hoton ya yi jinkiri. Takardar wanki ta ƙare wa mai shagon, ya tafi Anaca nemowa, ruwan sama ya riƙe shi a can. Da ya dawo ya wanke, bai yi mini ba'a ba. Ya tambayi wanda ya yi ɗinkin, na ce mahaifina, ya ce in gaishe shi.

Na tarar da Baba a zaure. Na durƙusa na sa masa takardar a hannu. Ya kai ta kusa da fuska, ya nisantar, ya karkata ta wajen ƙofa. Daga nan ya sauke ta kan gwiwa ya ɗora babban yatsa yana shafawa, yana neman tudun zare. Ya shafa tsakiya, ya shafa gefe.

"Sumul take," ya ce.

"Takarda ce, Baba. Amma ya fito. Duka ya fito."

"Innarku ta gani?"

Inna ta karɓa ta duba, ta mayar masa. "Ya fito, Malam. Har ramin allura ana gani."

Ya gyaɗa kai. Ya riƙe takardar da hannu biyu, yana fuskantar bango.

"To faɗa mini abin da ke ciki."

Na fara daga wuya, inda idon kowa ke fara sauka. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ba daga nan ake farawa ba. Koma bakin aljihu, ta ƙasa, gefen hagu."

Na koma bakin aljihu. Ina faɗa yana gyara mini sunayen ɗinkin, wani wurin ya ce in dakata, sannan ya ce in ci gaba. Muna wajen kafaɗa aka kira azahar. Ya miƙa wa Inna takardar ya ce ta sa a adaka, ni kuma in ɗauko masa buta.