Wasan Lissafin Malam Jibrilla

Maigidana, Malam Jibrilla, Allah Ya jiƙansa, ya shekara goma sha tara yana koyar da lissafi a wata firamare nan Jega. Yakan ce yaransa sun fi tsoron lissafi a kan bulala.

Wata shekara ya je bikin wani ɗan kasuwar albasa a Aliero, ya ga yadda manyan mutane ke rawar jiki don mawaƙi ya ambaci sunansu. Ya dawo da dabara. Ƙarshen kowane zangon karatu sai ya ɗauko mawaƙin nan, Sambo, da makaɗansa, a kafa rumfa a filin makaranta, a rubuta tambaya a allo. Duk wanda ya ci, Sambo ya saka sunansa a waƙa, da na ubansa, da unguwarsu. Na sha jin yara a bakin famfo suna haddar sau bakwai da sau takwas, ba wanda ya sa su.

Ni ban taɓa zuwa ba. Na tashi a gidan da ba a sauraron kiɗi, kuma ina jin kunyar matan Islamiyyarmu.

"Tasalla, ki taho ki gani ko sau guda," yakan ce yana ɗaura agogo. "Ko daga bayan danga."

"Malam, da furfurarka, kai da kalangu?"

"Ba ni ka kiɗin ba. Ni alƙali na."

Sai in ce Allah Ya kai mu wani zangon. Bai taɓa yi mini faɗa ba. In ya dawo daga wasan yakan fara ba ni labari, in ya ga ina ta tsintar shinkafa ban ɗago ba, sai ya bar labarin ya nemi buta.

Bara, bayan girbi, ya hau babur zuwa Maiyama aron lasifika. Mota ta buge shi a hanyar dawowa. Saura kwana biyu wasa.

Da na fita takaba Sambo ya zo gaisuwa. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule. Na ce masa in za a yi wasan bana zan je, kuma a gaba zan zauna.

Sai ya ce:

"Inna, ni ban iya lissahi ba, ko sunana ban rubutawa. Yaro in ya ba da amsa, hular Malam nike kallo. In ya taɓa ta, in ɗauki waƙa. In bai taɓa ba, in ce a ba yaro ruwa ya sake tunani."

Na ce to wani malamin ya tsaya mana. Ya ce ya zagaya su duka, kowa na gudun a ce ya tara makaɗa a makaranta.

Maganar da suke gudu irin tawa ce. Ya yi addu'a ya tafi. Ina nan zaune bayan labule har aka kira la'asar.