Inda Umma Take Yanke Waƙa

Ƙanena Lurwanu tela ne, kuma duk unguwar Shisha ta Makka babu wanda zai ce ya taɓa jin ya ɗaga murya. A unguwar Tandabawi aka haife mu, a gidan da yanzu titi ya bi ta kansa. Ni ce babba, shi ne auta, tsakaninmu akwai waɗanda ba su zauna ba. Tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, ko abinci yake ci tana taka wani abu da babu shi a ƙasa. Da aka kai shi shagon ɗinkin jallabiya ƙafar ta sami abin takawa, kowa ya huta. Bai yi aure ba. In na tayar masa da zancen sai ya ce, "In sha Allahu, Yaya Rabi," ya ci gaba da sa zare a allura. Mahaifiyarmu, Umma, ita kaɗai ke kiransa Ɗan'auta, har furfura ta fito masa a gemu ba ta daina ba.

Wata Juma'a ya tafi kasuwar gwanjo a Jidda neman ƙafafun teburin keken ɗinki, ya dawo da wani akwati mai nauyin tsiya. Ya ga tebur, ya ga feda a jere, sai ya ɗauka keken surfani ne na Turawa. Mai sayarwar ma bai san ko mene ne ba. Sai da ya haɗa shi a gida ya ga tsirkiya goma a shimfiɗe a kai, babu allura ko ɗaya. Ashe jita ce, irin wadda ake kwantarwa a kan ƙafafunta a zauna a gabanta. Hannun hagu yana jan wani guntun ƙarfe mai santsi a kan tsirkiyoyin, na dama yana tsinkar su da farcen ƙarfe da ake sa wa yatsu. Ƙafa tana taka feda, gwiwa tana ture wasu ƙarafa a ƙarƙashi, kowanne yana ɗaure tsirkiya ko ya sassauta ta. Abin da mutane ke shan wuya kafin ƙafarsu ta iya, shi tasa ta riga ta iya tun a shago. Sauran ya koya a waya.

Na yi masa tas. Na ce mutum da gemunsa, a garin Makka, ya rasa abin da zai ajiye a ɗaka sai kayan kiɗa? Ya cire abin sauraron da yake toshe kunne da shi don kada maƙwabta su ji, ya ɗora mini a kan mayafi, ya ja ƙarfen.

Ban so in yaba ba, kuma ban yaba ba, amma tsigar jikina ta tashi. Ji na yi kamar wata mace tana kuka a bayan bango, ba kukan kururuwa ba, irin wanda ake yi bayan 'yan gaisuwa sun watse.

"Shufi, duba nan, Yaya," in ji shi. "Sauran kayan kiɗa bene suke hawa, mataki mataki. Wannan ba ta da mataki. Zamewa take yi, zayy muryar mutum, kamar ta sak."

"To a zame a hankali," na ce, na miƙa masa kayansa.

Bayan haka da 'yan shekaru ɓarin jikin Umma na dama ya shanye, bakinta ya rufe. Matar da in ta fara faɗa a bene na uku ake jin ta a shagon burodi, ta koma sai ido. Abu ɗaya ya rage mata: in aka kira salla, manuniyar hannunta na hagu tana ɗagawa daga kan bargo, ta tsaya a miƙe har ladan ya gama. Lurwanu ya bar shago ya kwaso keke da jita ya dawo ɗakinta. Shi ke juya ta, shi ke ba ta kunu da cokali. Ni ina unguwar Aziziyya da nawa iyalin, sai in leƙo bayan azahar. Ya taɓa ce mini ba ya roƙon Allah ta tashi ta yi tafiya, ya san wannan ya wuce. Sau ɗaya kawai yake so ya sake jin ta ce Ɗan'auta.

Umma tana da wata waƙa tun muna yara. Ba ta da kalmomi, a hanci take rera ta in tana tsintar shinkafa ko tana wanki. Waƙar takan hau, ta yi yawo a sama, ta zo dab da sauka, sai Umma ta yanke ta ce a'uzu billahi ta tofar a gefe. Kullum a wuri ɗaya. Mun ɗauka mantawa take yi, har muna tsokanarta. Wannan waƙar Lurwanu ya lalubo a kan tsirkiyoyinsa, ya sayo 'yar sifika ya ajiye kusa da gadonta. Ranar da ya fara kaɗa mata, idon Umma ya bar silin ya dawo kansa, leɓenta ya motsa. Daga nan ya zama kullum sai ya kaɗa, ya kai inda take yankewa ya tsaya.

Tsayawar ce take damunsa. Ya ce mini kamar a ɗinke riga a bar mata gindi babu kalmasa ne. Kunnensa ya riga ya ji inda waƙar za ta sauka, fedar ma ya san ta, ta uku daga hagu, takawa ɗaya ce. Yana ganin in ya sauke ta, wataƙila harshen Umma ya biyo ta.

Akwai wata tsohuwa a ƙasan benen su Umma, Ɗaso, Bagobira ce daga wajen Tibiri. Hajji ta zo tun da ƙarfinta ta yi zamanta, babu takarda babu komai, ta daɗe tana sayar da hatsin tattabaru. Ita ke kawo wa Umma fura. Rannan tana hawowa ta ji kiɗan, sai ga ta a bakin ƙofa tana haki, ko sallama ba ta yi ba.

"Kai ɗan nan, wa yak koya maka wanga take?"

"Waƙar Umma ce, Hajiya. Da ita ta rene mu."

"Wanga ba kiɗin reno ba na. Taken masu abu na."

Ta zauna a ƙasa ta faɗa mana abin da Umma ba ta taɓa faɗa ba. Kakarmu 'yar bori ce a ƙasar Gobir, kuma kowane iska yana da takensa da mai goge ke kiransa da shi. Wannan na wanda ke hawa kanta ne. Don ta rabu da shi ta goyo Umma tana jaririya, ta tako ƙasa har ta ƙetare teku ta zo ta tuba a Makka. Kiɗan bai bar kanta ba, yakan kuɓuce mata, amma ba ta taɓa kai shi ƙarshe ba, haka kuma 'yarta ta gada. Saukar nan ta ƙarshe ita ce kiran. Nan ne mace take faɗuwa, wani ya tashi a jikinta.

"Kar ka ƙarasa," in ji Ɗaso. "Mata biyu sun kwashe rayuwassu suna tsayawa nan."

Lurwanu ya yi murmushi irin na wanda ya yi makarantar gwamnati. "Kalas, ya isa, Hajiya, camfi ne wannan. A Makka muke fa."

Ni ma a raina na ce tsufa ne. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, amma mu da muka ba arba'in baya mun manta har yanzu mu ne yaran.

Ina ɗakin ranar da ya ƙarasa. Tsakar rana ce, irin zafin da titi yake zama fayau, babu motsi sai ƙugin na'urar sanyi. Ya kaɗa ya kai wurin, na ga gwiwarsa ta ɗaga, ya taka feda ta uku. Muryar ta zame ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta zauna. Wallahi daɗinta ya kai, ji na yi wani abu da ya daɗe a maƙale a ƙirjina ya sauka. Tattabarun da ke laɓe a inuwar taga suka tashi gaba ɗaya.

Umma ta tashi zaune. Matar da sai mutum biyu sun ɗaga ta.

"Wa yak kira ni?"

Muryar mai kauri ce, kuma Gobiranci ne tsantsa, irin na Ɗaso. Umma duk rayuwarta Hausarta rabi Larabci ce, kamar ta kowa a nan. Ta dube ni ta wuce kamar ta ga kujera. Ta dubi Lurwanu ta daɗe.

"Kun kai ni nesa," ta ce. "Makaɗi, ƙara."

Ya ƙara. Yana kuka yana dariya, ya ƙara.

Kwanakin da suka biyo baya Umma ta ci abinci da hannunta, ta nemi nono a ƙwarya, ta yi ta hirar garuruwa da mutanen da ba mu taɓa ji ba. Likita ya zo ya ce abin farin ciki ne, kiɗa yakan buɗe wa irinsu harshen yarinta. Lurwanu ya riƙe maganar likita hannu biyu. Ni kuwa na kunna Suratul Baƙara a waya, na shafa mata zamzam, ta bi ni da wani kallo da har yau ba na son tunawa. Ba ta ce Rabi ba, ba ta ce Ɗan'auta ba, makaɗi kawai. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yatsar. In aka kira salla ba ta ɗagawa kuma, sai Umma ta juya fuska bango ta jira a gama.

Ɗaso ce ta faɗa masa a fili, a gabana. "Uwarka na ciki, an danne ta. Tsohuwa ta, kwananta ya ƙarato. In mutuwa taz zo, wa za ta iske bakin nan? Wa za shi yin shahada?"

Lurwanu ya ce, "Esh, me zan yi?"

Ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ya kira shi zai sallama. Ya kaɗa, ya kai wurin, ya ƙi saukewa, ya sake, har baƙon ya gaji da tsayuwa a bakin ƙofa ya tafi. In an ji atishawa, ya tafi.

Washegari bayan azahar ya zauna a gaban jitar, ni da Ɗaso muna riƙe da juna a bakin gado. Ya kaɗa ya yanke. Umma ta ce ƙarasa. Ya koma farko, ya kai wurin, ya yanke. Ta zage shi, zagin da ban taɓa jin irinsa ba, ta ambaci kakanninmu da sunayen da ba mu sani ba. Gumi ya jiƙa masa riga. Ina kallon ƙafarsa, tana rawa a saman feda ta uku, ƙafar da tun haihuwa ba ta san tsayawa ba. Ya sake, ya sake, har yatsunsa suka yi ja a ƙarƙashin farcen ƙarfen.

Can sai zagin ya tsaya. Fuskar Umma ta yi laushi, bakin ya ɗan karkace yadda ciwo ya bar shi. Muryar da ta fito siririya ce, tamu ce, wadda ta tashe mu makaranta.

"Ɗan'auta," ta ce. "Habibi. Ƙarasa mini."

Na ji Ɗaso ta matse mini hannu. Lurwanu ya ɗago ya dubi uwarsa, hawaye na bin gemunsa. Ya sa hannu biyu ya kama gwiwarsa, ya ɗauke ƙafar daga kan fedar ya ajiye ta a ƙasa, ya danne.

Umma ta yi atishawa, ta sake, ta sake. Ta sulale ta koma kan matashi, idonta ya koma silin. Muna nan a haka babu mai motsi har aka kira la'asar, sai manuniyarta ta ɗaga daga kan bargo.

Ba ta sake magana ba. Ta rasu kafin Hajjin wannan shekarar, da hantsi, yatsar a miƙe, Lurwanu yana karanta mata kalmar shahada a kunne. Aka yi mata salla a Harami.

Ya koma shago yanzu. Jitar tana nan a ɗakin Umma, yana kaɗa wasu abubuwan da bai gada a wurin kowa ba, kuma na daina yi masa faɗa, wani lokaci ma nakan ce ya ɗora mini abin sauraron. Feda ta uku ya kwance ta tun ranar sadakar uku, ya ba masu gwangwan. In yana kiɗa ina ganin ƙafarsa tana zuwa wurin, ta tarar babu komai, ta dawo.

Sau ɗaya na tambaye shi. Na ce muryar nan ta ƙarshe, dabarar wancan baƙon ce ko?

Ya daɗe yana goge guntun ƙarfen da gefen rigarsa.

"Haka Ɗaso ta ce," in ji shi. "Amma in Umma ce fa, Yaya? Abin da na roƙa Allah Ya ba ni, ta kira ni. Kuma abu ɗaya ta nema a wurina, na hana ta."